Baba Yabani da matan Ammariyya

Shekarun baya, lokacin ina tuƙi a wani kamfani mai gyaran injinan tace ruwan teku, aka haɗa ni da wani tsoho ɗan Japan. Kwanakin nan na ga ana ta cece-ku-ce a nan kan waɗanda ake mayarwa gida, wasu na dariya, wasu na tsaki. Shi ya tuna mini da shi, na ce bari in ba ku labarinsa.

Ni a Ammariyya, wata unguwa a Jidda, aka haife ni. Kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso da niyyar hajji, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gari. Mahaifina ne ya ƙarasa tafiyar, ya tsallako Jidda, ya zauna har Allah ya karɓi abinsa. Saboda haka fasfona na Sudan ne, bakina Hausa da Larabci, ƙafata kuwa a lokacin ba ta san wata ƙasa ba sai wannan.

Tsohon ya haura saba'in. Sun yi masa ritaya a ƙasarsu, kamfani ya sake kiransa, domin babu mai gane ciwon waɗancan tsofaffin injina kamarsa. Tun yana saurayi yake aiki a ƙasashen Larabawa, don haka yana jin Larabci, karyayye dai, amma ana fahimta. Ɗan gajere ne, siriri, kansa fari fat. Ba ya zama a baya, gaba yake shiga kusa da ni. Muhandis nake ce masa, wato injiniya, shi kuma ya ce mini "ya waladi", wato ɗana.

Ni kuwa kun san ni da surutu. Watannin farko na ɗauka haushina yake ji. In kwashe hanya guda ina ba shi labarin ƙwallo, in waiga, ya ce "Tayyib," wato to. Shi ke nan. Kullum in na iso ƙofar gidansa a unguwar Safa, sai in tarar ya riga ni fitowa, jaka a hannu. Bai taɓa duba agogo a gabana ba, kuma wallahi da ya duba da ya fi mini sauƙi.

A shekarar hukuma ta ba da wa'adi: duk wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, ya fito a mayar da shi ƙasarsa ba tare da hukunci ba. Unguwarmu ta rikice. Mutanen da suka shekara ashirin, talatin suna nan, suka fara ɗaure kaya.

Mahaifiyata, Inna, tana da wasu ƙawaye, tsofaffi irinta. Ƙungiyarsu ba ta da suna, ba ta da ofis. Su ne masu wankan gawar baƙuwar da ba ta da kowa, su ne masu kai abinci asibiti. Da wa'adin nan ya zo, sai suka koma tara wa masu tafiya tufafi da akwatuna da guzuri. Ni ne direbansu na kyauta. Duk Juma'a, ranar hutuna ɗaya, Inna za ta tsaya a kaina.

"Tashi, yalla, maza. Akwai buhu biyu a unguwar Aziziyya."

"Inna, ku ba gwamnati ba ne fa."

"Gwamnati ce ta haife ka? Tashi."

Motar kamfani a wurina take kwana, da ita nake wannan jigilar. Wata rana na manta da kaya a but. Da safe Muhandis ya buɗe zai sa jakarsa, sai ga buhu ya kwance, rigunan yara da takalma sun zube a titi, ƙamshin daddawa ya biyo baya. Na hango kaina a gaban kafili, ubangidan da ya tsaya mini a takarda, ina rantse-rantse.

Tsohon ya durƙusa yana tsince kayan, yana kakkaɓewa, yana ninkewa. Sai da muka hau hanya ya tambaya na wa ne. Na ga ƙarya ba za ta fisshe ni ba, na faɗa masa gaskiya. Har na ƙara da labarin maƙwabciyarmu, don ya tausaya mini.

Maƙwabciyar nan umra ta kawo su ita da mijinta, suka zauna. Tana soya ƙosai tana sayar da gyaɗa a wajen Balad, tsohon cikin gari. Mijin ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, duk haihuwar Jidda, babu mai takarda ko ɗaya. Babbar 'yar ta kai sha shida. Larabcinta irin na 'yan gari ne tsantsa. Hausa tana ji, amma in ka yi mata sai ta amsa da Larabci. Uwar ta yanke shawarar komawa Najeriya, yarinyar ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta zuwa. Akwai wata mata a Aziziyya da yarinyar ke yi wa aikin gida, ta ce a bar mata ita, za ta riƙe ta. Uwar ta rasa inda za ta sa kanta.

Muka isa wurin aiki. Da la'asar muna dawowa Muhandis ya ce in bi ta bakin teku. Na sayo mana shayi, muka zauna a kan dakali. Ya daɗe yana kallon jiragen ruwa da ke jiran shiga tasha, sannan ya ce:

"Ni ma an taɓa mayar da ni gida."

Na zaci Larabcinsa ne ya karkace. Ashe daidai ya faɗa.

Ya ce ba a Japan aka haife shi ba. A Manchuriya ne, can arewacin ƙasar Sin. Kafin babban yaƙin duniya na biyu, gwamnatinsu ta riƙa kwasar talakawan manoma tana kai su can, tana ba su gonaki.

"Aka ba mu. Haka muke cewa a gida. Sai da na girma na gane karɓewa aka yi daga hannun masu su."

Dab da ƙarshen yaƙi aka ɗauki babansa soja, bai dawo ba. Da Japan ta faɗi, sojojin da ake cewa suna tsaronsu su suka fara gudu. Aka bar mata da yara da tsofaffi. Suka kama hanya a ƙafa, suna ɓuya a cikin gonakin dawa. Yana ɗan shekara bakwai ko takwas. Ya ce a hanyar nan wata tsohuwa 'yar Sin ta fito daga bukkarta ta miƙa wa uwarsa wainar masara, ta koma ciki.

"Ta san ko su waye mu. Ta san gonar wa muka ci."

Suka yi hunturu a wata tsohuwar makaranta, ba wuta, buhu ne rigarsu. Zazzaɓi ya yi ta ɗauke mutane. Da damina ta zagayo aka fara kawo jiragen ruwa na kwashe su. Uwarsa ta kai shi har cikin jirgi, amma ba ta sauka ba. A teku ta cika, aka naɗe ta aka sauke ta a ruwa.

Shayina ya huce a hannuna. Mutumin da na ɗauka ba shi da magana.

Ya ce da suka sauka, aka jera su aka bule su da farin garin maganin kwarkwata. Da ya wuce wannan layin sai ya ga mata tsaye, sanye da fararen riguna na aiki. Ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Wasu daga gidajen ibada suka zo, wasu matan gari ne da su ma yaƙi ya ƙone musu gidaje. Ɗaya ta durƙusa a gabansa, ta goge masa fuska, ta ce, "Sannu da dawowa."

"Na ji haushinta," in ji shi, yana ɗan murmushi. "Dawowa ina? Ban taɓa zuwa ba."

Matar nan ta kai shi gidan marayu da wasu likitoci da mata suka buɗe a harabar wani gidan ibada. Yawancinsu su ma dawowa suka yi, sun san abin. Madarar gari da tufafin da suke ba yara daga ƙungiyoyin agaji na waje suke zuwa, har da na ƙasar da ta yi musu ruwan bama-bamai. Ya ce wandon farko da ya sa a Japan na wani yaro ne Bature da ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. A makaranta yara suna kwaikwayon maganarsa. Manya suna cewa sun dawo su ci shinkafar mutane. Matar ba ta sake shi ba. Ita ta bi diddigi har ta samo kawunsa a wani ƙauye. Kawun ya karɓe shi ba don yana so ba, ta gane haka, sai ta riƙa shiga jirgin ƙasa tana zuwa duba shi, har ya shiga makarantar koyon sana'a.

Sai ya juyo ya dube ni. "Mutanen da mahaifiyarka ke tara wa kaya, in sun sauka a can, wa zai tarbe su?"

Ban taɓa tunanin wannan ba. A ganina in an shiga jirgi labari ya ƙare.

"Ina so in gaida mahaifiyarka," in ji shi.

Da na faɗa wa Inna, sai da ta sa aka wanke gidan kamar ana jiran ango. Ta ce me suke ci? Na ce shinkafa da kifi. Ta ce ita ba za ta yi gasa da uwar wani ba, tuwo za ta yi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauko shi. Ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa, ya jera su. Da ya ga Inna ya sunkuya sosai. Inna ta ga tsoho fari fat yana rusuna mata, ita ma ta rusuna. Ya ƙara, ta ƙara. Da ban shiga tsakani ba da har magariba suna nan. Na kawo masa kujera, ya ƙi, ya zauna a tabarma ya naɗe ƙafafu kamar mai tahiya. Miyar kuka kuwa ya shanye tas, ya ce su ma suna son abu mai yauƙi. Ƙawayen Inna sun cika ɗakin ciki, labule sai motsi yake. A ranar suka raɗa masa Baba Yabani, wato Baba ɗan Japan, da Larabcin nan namu.

Bayan an ɗauke kwanuka, ya yaba musu aikinsu, sannan ya yi wa Inna tambayar da ya yi mini.

Inna ta ce, "Allah zai tarbe su."

Ya gyaɗa kai. "Na'am, ya Hajiya. Amma ta hannun wa?"

Inna ta dube ni ta ce da Hausa, "Kai da kake yawo da shi kullum, ko kaɗan ba ka shafo hankalinsa ba?"

Maƙwabciyarmu tana zaune a gefe, ita ma an kira ta ta ga baƙo. 'Yarta ce ta shigo da shayi. Ta ji ana maganar tarba da komawa gida, sai ta dire farantin da ƙarfi har kofuna suka yi ƙara.

"Gida, gida, kowa gida! Nan ne gidana. A nan aka binne babana. Ni ban san kowa a can ba, ko maganarsu ban iya ba." Ta juya ga tsohon, ta kira shi baffa da Larabci. "Ya ammi, kai kana da fasfo, kana shiga kana fita. Me ka sani?"

Uwar ta daka mata tsawa. Ni kuma na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Muhandis ya ɗaga hannu a hankali, ya ce a bar ta. Ya ce ta zauna, ta zauna a bakin ƙofa tana huci. Ya ba ta labarin da ya ba ni, a taƙaice. Sannan ya faɗi abin da bai faɗa mini ba.

"Ina da ƙanwa. Lokacin tana goye. A makarantar nan da muka yi hunturu, nonon uwata ya ƙafe. Wasu mata da miji 'yan Sin, ba su da haihuwa, suka zo suka ce a ba su ita. Mutanen kirki ne, ka gani a fuskarsu. Uwata ta ba su. Da ba ta bayar ba, da yarinyar ta mutu kafin sanyi ya wuce. Ban taɓa ganin laifinta ba."

Ya ɗan tsaya yana neman kalma.

"Bayan shekaru masu yawa hanya ta buɗe. Aka fara kawo irin waɗannan yaran Japan su nemi danginsu. Sun manyanta, ba sa jin yarenmu. Wasu mutane 'yan sa-kai suke wannan aikin, na shiga cikinsu. Duk zuwan da za a yi sai na je na duba fuskoki. Na je can ma da kaina, garin ya canja, makarantar babu ita. Ban same ta ba. Wataƙila tana raye, tana da jikoki. Wataƙila ba ta ma san tana da ɗan'uwa ba."

A bayan labule na ji wata tana jan hanci. Maƙwabciyarmu ta rufe fuska da mayafi.

Ya ce da uwar, "Ban zo in ce ki yi kaza ba. Uwata ba ta da zaɓi. Ke ban sani ba. Abu ɗaya na sani: ranar da aka rabu, kowa cewa yake na ɗan lokaci ne."

Da yarinyar ta yi magana muryarta ta sauka.

"Sun yi maka dariya a can?"

"Sosai. Ke ma za su yi miki."

"To ka so ƙasar daga baya?"

"Ba ƙasar na fara so ba. Mace ɗaya na fara so, wadda ta tarbe ni. Daga ita sai wani layi da nake bi zuwa makaranta. Ƙasar ta zo daga baya, can da nisa."

Ba ta ce ta yarda ba. Ta tattara kofuna ta fita. Sai bayan kwanaki uwar ta shigo ta ce wa Inna yarinyar ta je Aziziyya da kanta ta yi sallama da matar nan, ta kwaso kayanta.

Inna kuwa tun daga ranar waya ba ta bar kunnenta ba. Ta tuna akwai matan da aka mayar tun shekarun baya, tsofaffin maƙwabta, waɗanda suka yi zaman Jidda suka koma Kano. Ta nemo lambar wannan a wurin waccan, har ta kai ga wata da suka yi goyo tare, yanzu tana da shagon turare da abaya. Ina ji tana cewa, "Ke kin san yadda aka yi miki da kika sauka. To ga wasu nan tafe. Kada ki bari a yi musu haka." Matar ta tara 'yan'uwanta irinta. Kafin wa'adi ya cika, duk wadda ta bi ta hannun su Inna ta san wadda za ta nema in ta sauka, kuma ta ji muryarta a waya.

Baba Yabani bai tsaya a magana ba. Duk Juma'a sai ya sa na ɗauko shi. Ya zauna a tsakar gida yana ninke kaya, kuma ninkin nasa abin kallo ne: akwatin da ni zan cika da riguna kaɗan in hau kai in danna, shi sai ya zuba ninkinsu ya rufe da yatsa biyu. Aka sauke ni daga muƙamin mai shirya kaya, aka mayar da ni mai miƙo igiya. Wata rana ya sa na kai shi kasuwa ya sayo gidajen sauro da 'yan ƙananan matatan ruwa. Ya ce shi mutumin ruwa ne, ya san abin da ke fara kayar da baƙo ba kewa ba ce, ciki ne. Ya tsuguna ya nuna wa matan yadda ake wanke matatar, suna ta dariyar Larabcinsa, yana taya su.

Sau ɗaya wani abokina ya ja ni gefe ya ce, "Wai shi wannan me yake nema? Ko musulunta zai yi?" Na ce ban sani ba, ban tambaye shi ba. Gaskiya ni ma na so haka, na kuma yi masa addu'a. Amma bai zo da ciniki ba, kuma Inna ba ta yi masa ciniki ba.

Ranar tafiyar maƙwabciyarmu da hantsi muka raka su inda motoci ke kwasar mutane. Rana ta buɗe, ga kaya, ga kukan yara. Muhandis ya ɗauki hutu ya zo. Ya tsaya a gefe da hularsa a hannu. Da layi ya zo kansu, ya sunkuya wa uwar irin sunkuyawar da ban taɓa ganin ya yi wa shugaban kamfani ba. Yarinyar ta wuce shi, sai ta dawo.

"Ya ammi, in ban so wurin ba fa?"

"Ki faɗa wa wadda ta tarbe ki. Kada ki haɗiye. Ni na haɗiye, ya daɗe bai narke ba."

Ta shiga mota.

Ba zan ce muku komai ya tafi daidai ba. Shekarar farko ta yi musu zafi. Da suka je garin mijin, suka tarar an raba gida tuntuni, babu mai murnar ganinsu. Ƙaramin yaron ya kwanta zazzaɓin cizon sauro har aka fid da rai, Allah ya tashe shi. Yara a layi suna bin yarinyar suna kiranta 'yar takari, suna kwaikwayon Hausarta. Ta sha kiran Inna tana kuka, tana cewa a nemo mata hanya ta dawo ko ta wane hali. Amma mai shagon turaren nan ta tsaya musu. Ita ta je ta ɗauko su daga ƙauyen, ta ba su ɗaki a gidanta, ta zaunar da yarinyar a shago. Ashe Larabcin da ake mata dariya a kai shi ke jawo masu saye. Yau tana da aure da 'ya'ya, tana da wurin sayar da ful da mutabbaƙ, abincin can Jidda, inda waɗanda suka yi zaman Jidda ke taruwa su yi hira. Na kai wa Muhandis labarin wahalar kamar yadda take, ban rage ba. Ya ce, "Tana kuka a gaban mutum? To da sauƙi."

Shekarar da ta biyo ƙafafunsa suka fara ba shi wahala, ya koma ƙasarsu. Kafin ya tafi ya zo ya yi wa Inna sallama, ta ƙulla masa kuka da daddawa. Ban san yadda ya yi da su a filin jirgi ba. Bayan wasu shekaru ɗansa ya aiko wa kamfani cewa ya rasu, ya kuma ce a sanar da direbansa da mahaifiyarsa. Da na faɗa wa Inna, ta ɗauki carbi tana ja. Can ta ce, "Mutumin kirki ne. Sauran na Allah ne."

Har yau in na tuna shi abin da ke ba ni mamaki shi ne bai taɓa ba da labarinsa don a ce wayyo ba. Bai ɓoye cewa mutanensa sun zalunci wasu ba, bai kuma ɓoye cewa an yasar da su ba. In ya zo kan waɗanda suka taimake shi kuwa, sai ka ga ya gyara zama. Tsohuwar da ta miƙa wainar masara, matar bakin tasha, baƙin da suka aiko madara ga 'ya'yan abokan gabarsu. Mutanen da babu wanda ya aike su. Da can ina ganin aikin su Inna wahalar da kai ce ta tsofaffin da suka rasa abin yi. Sai da wani ya taso daga ƙarshen duniya ya zauna a tabarmarmu, sannan na san a gidan wa na tashi.

Akwai kuma abin da ya bar mini wanda bai sani ba. Na dubi kaina na ga ni ma takarda ɗaya ce tsakanina da layin nan. Ranar da iƙama ta ƙi sabuntuwa, za a ce mini in koma gida, 'ya'yana kuma su tambaye ni ina ne. Saboda haka na daure na tara abin da ya sawwaƙa, wani hutu na kwashe su muka tafi Sudan, garin kakanninmu a bakin kogi. Ni ma zuwana na farko ke nan. Sun yi ta ƙorafin zafi da sauro. Amma sun ci abinci a kwano ɗaya da 'ya'yan baffana, sun hau jakinsa, sun san hanyar kogi. Niyyata ita ce in wata rana aka tura su can, su tarar da wanda ya san fuskarsu.

Allah da ikonsa, ba haka abin ya zo ba. Yaƙi ya tashi a Sudan, su ne suka baro gida. Bayan doguwar wahala baffana da matarsa da jikokinsu suka iso Jidda, ba su da komai sai kayan jikinsu. Muka je tarbarsu. Mutane sun yi yawa, ni ina ta raba ido ban gan su ba, don tsohon ya rame ya canja. 'Yata ce ta fizge hannunta daga nawa ta ruga cikin taron tana kiran, "Kaka! Kaka, ga mu nan!"

Baffana ya tsaya cak, yana waige-waige, yana neman inda muryar ta fito. Ya ce mini daga baya tun da suka baro gida, wannan ne karo na farko da ya ji wani ya kira shi don ya san shi.